SUNA MA DUKIYA NE: ABIN DA LAUYAN FASAHA KE YI WA ƊAN KASUWA

Tun kaka da kakanni, abin da Bahaushe ya sani da sunan dukiya shi ne abin da ido ke gani: shanu, gona, gida, ko haja a rumfa. To, amma zamani ya zo da wata irin dukiya wadda ba a ɗaure ta a turke, ba a kuma kulle ta a sito. Sunan da ɗan kasuwa ya laƙaba wa turarensa, da waƙar da mawaƙi ya rera, da manhajar da yaro ya kwana yana rubutawa a kwamfuta, duk dukiya ce, kuma ana iya sace ta ba tare da an fasa ƙofa ba. Shi ya sa a yau akwai lauyoyin da ba su da wani aiki sai tsaron irin wannan dukiya.

Ofishin da ke ƙofar gidanmu

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Yawunde ba su san cewa a garin nan ne hedkwatar hukumar OAPI take ba, wato hukumar da ke rajistar mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka 17, cikinsu har da Kamaru, Cadi, Nijar, Benin, Togo, Gabon da Senegal. An aza harsashinta a Libreville a 1962, sa'an nan yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta ba ta sunan da take amsawa yanzu. An sake gyara yarjejeniyar a 1999 da kuma 2015.

Amfaninta shi ne, takarda ɗaya da mutum ya shigar a Yawunde tana aiki a dukkan ƙasashen 17. Rajistar alamar kasuwanci tana ɗaukar shekara 10, ana kuma iya sabunta ta duk lokacin da ta ƙare. Takardar shaidar ƙirƙiro wani sabon abu kuwa shekara 20 take yi. Sai dai akwai ƙa'ida guda da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe da kyau: a bisa al'ada, wanda ya riga shigar da takarda shi ne mai suna. Mutum na iya shekara goma yana sayar da yaji ko sabulu da wani suna da kowa ya san shi da shi a kasuwar Garwa, wani ya riga shi zuwa ofis, ya wayi gari shi ne zai yi ta kai da kawowa don ya tabbatar da cewa sunan nasa ne.

Inda takarda ke tsayawa

A nan ne fatakenmu suka fi yin tuntuɓe. Mu ba mu ɗauki iyakar ƙasa a bakin komai ba, domin kayanmu na tashi daga Marwa su kwana a Mubi, su wuce Kano. Amma ita takarda ta san iyaka. Nijeriya ba ta cikin OAPI, tana da nata ofishin rajista a Abuja. Gana da Sudan kuwa suna cikin wata hukuma dabam mai suna ARIPO, wadda hedkwatarta ke Harare ta ƙasar Zimbabuwe. Saboda haka wanda ya yi rajista a Yawunde ya tsare sunansa a Njamena da Maraɗi, amma da ya shiga kasuwar Kano ko ta Kumasi, takardarsa ba ta da ta cewa. Tambayar farko da lauyan kirki zai yi maka ita ce, ina da ina kayanka ke zuwa, ina kuma kake fatan su je nan da shekara biyar?

Darasi daga albasa da waƙa

Kowa ya san albasar Galmi ta ƙasar Nijar, wadda manoma suka daɗe suna gadon irinta. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na Senegal ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallaka a kan irin da ke ɗauke da wannan suna. Sai da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin kamfanin ya saki sunan Galmi. Daga baya aka yi wa albasar rajista a matsayin kayan da sunansa ke haɗe da ƙasar da ya fito, kamar yadda aka yi wa masoron Penja da farar zumar Oku na nan Kamaru a 2013. Da babu masu karanta sanarwar hukumar suna kai ƙorafi a kan lokaci, da labarin ya sha bamban.

Haka nan marigayi Manu Dibango. Ya fitar da waƙarsa Soul Makossa a 1972, sai ga amshinta ya bayyana a cikin wata waƙar Michael Jackson ta faifan Thriller na 1982. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka sasanta a wajen kotu, aka biya shi. Amma da ya sake kai ƙara a birnin Faris a 2009, bayan mawaƙiya Rihanna ta yi amfani da amshin, sai kotu ta yi watsi da ƙarar saboda matakin da ya riga ya ɗauka a baya na janye wata ƙara a kan maganar. Idan har babban mawaƙi irin wannan zai gamu da cikas a kan abin da ya amince da shi jiya, ina ga ɗan ƙaramin mai sana'a?

Samarin waya da kwamfuta

Yaranmu da muka koyar a makaranta, wasunsu yanzu manhaja suke ƙerawa, ta sayar da kaya ko ta aika saƙo. Ya kamata su sani cewa manhaja tana ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta Kamaru ta shekarar 2000, kamar littafi ko waƙa, kuma haƙƙin yana tabbata tun ranar da aka rubuta ta. Rigimar da ta fi yawa ita ce tsakanin yaron da ya rubuta da alhajin da ya biya kuɗin aikin. Wa ke da ita? In ba a rubuta yarjejeniya ba, doka ce za ta raba gardama, kuma ba lalle ne ta raba yadda ɗayansu ke so ba.

Ban da wannan, akwai hukumomin da ba a tsallake su. Mai son sayar wa jama'a intanet, ko da a unguwa ɗaya ne, sai ya bi ta hannun hukumar ART da aka kafa a 1998 don kula da harkar sadarwa. Mai son riƙe kuɗin mutane a waya yana buƙatar izinin hukumomin kuɗi, cikinsu har da COBAC mai sa ido a kan bankunan Afirka ta Tsakiya. Tun watan Disamba na 2024 kuma ƙasar nan ta sami dokar kare bayanan mutane, saboda haka tara sunaye da lambobin wayar abokan ciniki ya zama amana da doka za ta tambaya.

Kafin a je wurin lauya

Ba kowane lauya ne ya san wannan fanni ba, kamar yadda ba kowane malami ne ke koyar da lissafi ba. OAPI tana da jerin wakilan da ta amince da su, kuma ana iya neman jerin a duba. Ka sa a bincika ko wani ya riga ka ɗaukar sunan kafin ka buga kwalaye da buhuna. Ka nemi a rubuta maka kuɗin hukuma dabam, ladan lauya dabam. Ka tabbata sunanka ko na kamfaninka ne a kan takardar, ba na ɗan aike ba. Duk abin da aka rubuta da Faransanci ko Turanci kuwa, kada ka sa hannu sai an fassara maka shi filla-filla.

Mun gāji ciniki da fatar baki, kuma amana ta daɗe tana riƙe kasuwarmu. Amma wanda zai kwaikwayi sunan kayanka yana iya zama a ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba, bai san ka ba balle ya ji kunyarka. Kuɗin rajista da na shawarar lauya, kome yawansu, ba su kai na shari'a ba. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani.