Yadda Bambancin Agogo Ke Rikita Lissafin Riɗi Daga Adogi Zuwa Singafo

A watannin Nuwamba da Disamba, sa'ad da riɗi ya bushe aka kaɗe shi, manoman Adogi da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Lafiya sukan kai shi wurin dillalai, a ɗora bisa sikeli, a ɗinke buhu, a loda wa mota. Ga manomi ciniki ya ƙare ke nan. Ga kamfanin da ya saya kuwa a nan aiki yake farawa, domin kayan zai yi ta tashi daga wannan sito nasa zuwa wancan, alhali ofishin da ke riƙe da babban littafin lissafi yana wata nahiya inda rana ta riga ta faɗi.

Kamfanin Olam ya isa misali. A Nijeriya aka kafa shi cikin 1989, ya fara da fitar da ƙwallon kashu zuwa Indiya, daga baya hedkwatarsa ta koma Singafo. A Jihar Nasarawa yana da gonar shinkafa a Rukubi ta Ƙaramar Hukumar Doma, inda aka buɗe injin casa cikin 2014, kuma sunansa sananne ne a cinikin riɗi.

To, agogon Singafo yana gaba da na Nijeriya da awa 7, na Japan, wadda ke cikin manyan masu sayen riɗinmu, da awa 8. Watau in akawun sito a Lafiya ya buɗe ofis da ƙarfe 8 na safe, takwaransa na Singafo yana ƙarfe 3 na yamma, saura kamar awa uku ya tashi. Tambayar da aka aika bayan azahar sai gobe za ta sami amsa, in kuwa ranar Juma'a ce, sai Litinin.

Abin ya fi tsanani a ƙarshen shekara, wanda ya zo daidai da kakar riɗi. Motar da ta bar sito da ƙarfe 6 na yamma ran 31 ga Disamba, a littafin Lafiya cikin tsohuwar shekara ta fita. A agogon Singafo kuwa ƙarfe 1 na dare ne na 1 ga Janairu. In kowane ofis ya bi nasa agogo, kaya ɗaya zai faɗa cikin shekaru biyu, ko kuma a neme shi a rasa a duka biyun. Kwamfuta ba ta kawar da wannan ba, sai dai ta sa kuskuren ya isa da wuri.

Dabarar da manyan kamfanoni suka dogara gare ta ba wata mai wuya ba ce. Ana ajiye agogo ɗaya domin rubuta kowace shiga da fita, galibi na Girinwic, wanda Nijeriya ke gabansa da awa guda. Sa'an nan a buɗe wani shafi dabam na kayan da ke hanya. Da zarar mota ta tashi a cire buhunan daga lissafin siton da ya aika, amma ba za a rubuta su ga mai karɓa ba sai ya auna ya sa hannu. Shafin nan yakan daɗe a buɗe, tun da jirgin ruwa daga Legas zuwa gabashin Asiya yakan shafe fiye da wata guda.

Sai maganar nauyi, wadda ita ce ke jawo zargi. Riɗi yakan ƙara bushewa a hanya, in an tace shi kuma a fid da yashi da ƙaiƙayi, saboda haka abin da aka auna a Lafiya da wuya ya cika daidai a masana'anta. In ba a rubuta danshinsa da dattinsa tun ranar lodi ba, wanda ke duban takarda daga nesa giɓi kawai zai gani, kuma mai sito da direba ake fara tuhuma. Kafin a warware, a irin cinikin da ba a biyan cikon kuɗi sai an tabbatar da nauyi, dillali yana jira, manomin da ya ba shi riɗi bashi shi ma yana jira, ga kuɗin makaranta na watan Janairu ya ƙarato.