Gidan Hajiya Mai Ciki Biyu da Falo: Gyara Ga Masu Tallan Gida da Fili

Ga irin tallan da ke yawo a wayoyin mutane tsakanin Jega, Aliero da Maiyama: "Ana sayar da gidan wata hajiya mai ciki biyu da falo, da bayi uku, unguwa babu kura." Dillalin da ya rubuta ya san abin da yake nufi, Allah ma ya sani. Mai karatu kuwa sai ya yi ta maza kafin ya gano cewa gidan ne mai ciki biyu, ba baiwar Allah mai gidan ba, bayin nan uku kuma na kama ruwa ne, ba waɗanda ake 'yantawa ba. Batun kura kam albishir ne, don ba mai son maƙwabtaka da ita, sai dai ƙura ce mutumin ke son ya ce babu.

Yawancin wannan ɓaranɓarama daga wuri biyu take fitowa. Na farko ƙugiyar haruffa. Wayoyi da yawa ba a saita su da ƙ, ɗ da ɓ ba, mai rubutu kuma yana sauri. Sai "ɗakin baƙi" ya koma "dakin baki", "gidan ƙasa" ya koma gidan kasa, macijiyar nan mai barci a rairayi. Wani garin neman gyara sai ya sa ƙugiya inda ba ta da gurbi, ya ce gidansa yana "kusa da faɗa", alhali fadar sarki yake nufi. Mafi daɗi shi ne mai son tabbatar wa jama'a cewa ba a shari'a kan filinsa, ya rubuta "fili babu kara". Babu ƙara a kotu abu ne mai kyau. Babu kara kuwa, ai gargaɗi ne cewa mai filin ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Na biyu kalmar "mai", wadda ke manne wa sunan da ya fi kusa da ita. In ka rubuta "shagon wani alhaji mai baki biyu", ka zagi dattijo a bainar jama'a kana tsammanin talla kake yi masa. Maganinsa kaɗan ne: a fara siffanta shagon, a gama, sannan a ambaci mai shi in akwai buƙata.

Har a jikin bango abin bai tsira ba. Magidanci ya gaji da 'yan damfara, ya sayi fenti ya sa aka rubuta "Wannan gida bana sayarwa bane". Da ya haɗe "ba" da "na" ya samar da "bana", wato shekarar da muke ciki. In damina biyu ta wanke ƙarshen rubutun, abin da zai rage shi ne sanarwar cewa gidan bana za a sayar.

A da irin wannan ba ya jawo asara, domin ba a rubuce ake cinikin ba. Jega gari ne na kasuwa tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi wajen 1820, kuma dillali a nan ya saba ya riƙo hannun mai saye ya kai shi har wurin, ya nuna masa iyaka da sandarsa, a kira maƙwabta su shaida. Yanzu mai karanta tallan sau da yawa baƙo ne. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006, kowace shekara iyaye daga nesa ke neman wa 'ya'yansu ɗaki ba tare da sun taka garin ba. Haka ɗaliban kwalejin koyon aikin lafiya da ke Jega. Ga fataken albasa da ke zuwa Aliero daga kudancin ƙasar nan suna neman wurin ajiya da masauki, ga masu jinya da suka kawo ɗan'uwa wurin masu ɗorin garin za su yi watanni, ga ɗan Maiyama ko Andarai da ke aiki a Legas yana son ya mallaki fuloti a gida ta hanyar tura kuɗi. Duk waɗannan da rubutunka kaɗai suke gani. Ko Hausar ma ba ɗaya ba ce: in ka rubuta "gida mai babbar garka" kana nufin filin ƙofar gida, Bakano zai iya zuwa yana neman lambu.

Amma ni a ganina tallan da ke ba da dariya ba shi ne abin tsoro ba. Kowa ya ga kuskuren, an yi raha, an bugo waya an tambaya. Wanda ke cin kuɗin mutane shi ne tallan da ya tafi sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya, amma in ka matse shi ba ka samun abin da za ka auna.

Ɗauki "kusa da". "Ɗakuna kusa da jami'a." Kusa a ƙafa, ko kusa a kan babur? Ɗalibin da zai biya ɗan acaɓa zuwa da dawowa kullum, kuɗin hayarsa na gaskiya ya wuce abin da aka rubuta. "Kusa da shataletalen Jega" na iya zama jifa ɗaya daga inda hanyoyin Sakkwato, Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, yana kuma iya zama can bayan gari inda sai ka ratsa gonaki. "Bakin titi" ma haka: akwai bakin kwalta, akwai layi na huɗu da ake hango motoci daga kan katanga. Mai son a yarda da shi ya faɗi tafiyar minti nawa ce a ƙafa daga wani wuri da kowa ya sani, masallacin Juma'a ko tasha ko asibiti.

Sai awo, inda aka fi yin kuka. "Fili 50 da 100" kawai ake rubutawa, a wuce. Hamsin ɗin me? In ƙafa ce, filin bai wuce murabba'in mita 465 ba. In mita ce, murabba'in mita 5,000 ke nan, rabin hekta cur, ya ninka na farko fiye da sau goma. Akwai kuma wanda "ƙafa" a wurinsa taki ce, ya auna da tafiyarsa, dogon mutum da gajere kuwa ba sa ba da lissafi ɗaya. A gona rikicin ya fi haka, don kalmar kadada wasu eka suke nufi da ita, wasu hekta. Eka murabba'in mita 4,047 ce, hekta 10,000, wato hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Wanda ya biya kuɗin "kadada huɗu" yana lissafin hekta, aka miƙa masa eka, bai samu ko rabin abin da ya zata ba, kuma ba wanda zai ce an yi masa ƙarya a rubuce. Kalmar "fuloti" ita kaɗai ba awo ba ce. Fulotin awon gwamnati daban, na awon igiya da mai gona ya yanka da kansa daban, wani lokaci ma ba a bar hanyar da mota za ta shiga ba.

"Akwai wuta, akwai ruwa." Wannan kusan kowane talla na ɗauke da shi kamar sallama. Akwai wuta na iya nufin an ja waya daga turken kamfanin Kaduna Electric, ba tare da an ce taransifomar unguwar tana aiki ko ta yi wata shida a ƙone ba, ba a kuma ce akwai mita ko tsohon bashi na jiran sabon mai haya ba. Akwai ruwa na iya zama burtsatse mai tanki, ko rijiyar da ke ƙafewa kafin bazara, ko mai kurar ruwa da ke wucewa ta ƙofar gida da safe. Ga manomi maganar ta fi nauyi. "Gona mai ruwa" a fadamar Gulbin Zamfara da ya bi ta gefen Jega, shin ruwan da za a sa inji a yi noman rani da shi ne, ko ruwan da ke shanye shuka a watan Agusta da Satumba? Wanda ya ga yadda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi ba zai ɗauki wannan tambaya da wasa ba. Haka gidan da aka ɗauki hotonsa da rani, ƙasa a bushe ƙayau, alhali da damina sai an naɗe wando kafin a kai ƙofa.

Babbar kalmar da ta fi kowace ruɗi ita ce "takardu cikakku". Wace takarda? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A wuraren da aka ayyana birni, gwamna ke ba da izinin mallaka, a karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya. Dokar ta kuma ce wanda ke riƙe da izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamnan. To takardar shaidar mallaka da ake kira C of O daban take da takardar rabon fili, daban da ta ƙaramar hukuma, daban da yarjejeniyar ciniki da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu. Kowace tana da amfaninta, amma ba nauyinsu ɗaya ba a banki ko a gaban alƙali. Mai talla ya kira takardarsa da sunanta, ya faɗi ko sunan mai sayarwa ne a jiki ko na wanda ya saya a hannunsa. Mai saye kuma ya ɗauki lambar takardar ya je ma'aikatar filaye ko hukumar KEBGIS a Birnin Kebbi a duba masa kafin ya ba da ko kafin alƙalami.

Akwai abin da talla kan yi shiru a kansa gaba ɗaya, wato gado. Gida na magada goma sha, ɗaya daga cikinsu ya matsu, ya kira dillali. Ba ƙarya a cikin "gidan sayarwa", amma ba a ce an raba gadon ba, ba a ce sauran sun sa hannu ba. Bayan an biya sai wata gwaggo ta dawo daga Kamba ko Zuru ta ce ba da yawunta ba. A gona kuma a bambance sayarwa da jingina da haya ta shekara, don na sha jin mutum biyu sun tashi daga zama ɗaya, wannan yana murnar ya saya, wancan yana lissafin ranar da zai fanshi abinsa.

Malamanmu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu, daga Risala har Muhtasar, ya halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, da sharaɗin siffar ta fito fili. In abin ya zo daidai da yadda aka faɗa ciniki ya tabbata, in ya saɓa mai saye na da damar fasawa. Ɓoye aibi ma dalili ne na mayar da kaya. Cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba, kamar sayen kifi a cikin ruwa, an hana shi. Wato abin da dillali ya rubuta a waya ba zaƙin baki ba ne kawai, siffa ce da za a iya kama shi da ita.

A wajen haya, musamman ta ɗalibai, a fayyace kuɗin: na shekara ne ko na zangon karatu, na ɗaki ne ko na kowane kai, kuma daga wane wata zuwa wane wata, tunda yajin aiki kan ja shekarar karatu ta wuce lissafi. A faɗi ko bayi da kicin na cikin ɗaki ne ko na haɗaka da mutum nawa. A rubuta farashi da lamba da kuma kalmomi, domin "250" kaɗai ba ta ce dubu ba ce, sifiri ɗaya kuma in ya ɓace ko ya ƙaru ya isa raba zumunci. La'ada kashi nawa ce, wa zai biya, tana cikin kuɗin ko a kansa? Wannan a faɗe shi tun farko ya fi a tsaya cacar baki a gaban shaidu.

Ga misalin yadda tallan farko zai iya zama in an zauna an rubuta shi: "Gidan sayarwa a Jega, unguwa kaza, tafiyar minti 10 a ƙafa daga tasha. Ginin bulo, rufin kwano. Ɗakin kwana 2, falo 1, kicin, banɗaki 3, biyu a ciki ɗaya a tsakar gida. Girman fili ƙafa 50 faɗi, ƙafa 100 tsawo. Ƙofa na kallon gabas, mota na shiga layin. Rijiya ce, tana raguwa da bazara. An ja wuta, akwai mita, babu bashi. Ruwa ba ya kwanciya a gidan, amma bakin layin na yin taɓo da damina. Takarda: ta ƙaramar hukuma, da sunan mai sayarwa. Ba gidan gado ba ne. Farashi naira kaza, ban da la'ada, akwai ragi." Ba "katafare", ba "na gani na faɗa", ba "sai wanda ya gani". Wasu dillalan za su ce ambaton taɓo da rijiya mai raguwa zai kori masu saye. Zai kori wanda da ma zai zo ya gani ya juya, bayan ya ci maka yini da man babur. Wanda ya bugo waya bayan ya karanta wannan, ya riga ya yi rabin shawara.

Hoto ma ya zama na gidan ne, ba na maƙwabci mai sabon fenti ba, a ɗauko har da bayi, da rufi daga ciki, da layin da ake shiga. A sa kwanan wata a jikin talla, don akan ga gidan da aka sayar tun bara yana ta zagaye a wayoyi, 'yan damfara kuwa irinsa suke kwafa su sauya lambar waya su karɓi kuɗin "riƙe ɗaki" daga iyayen ɗalibai. Saita allon rubutu na Hausa a waya ba ya cin kuɗi, yana cikin saitin harshe na yawancin wayoyin zamani, da ƙugiyoyinsa duka. Kafin a tura, a miƙa wa wani da bai taɓa ganin gidan ba ya karanta da ƙarfi, sannan a tambaye shi ɗaki nawa ne, ina ne, nawa ne, wace takarda ce. Duk tambayar da ya kasa amsawa, a koma a ƙara ta cikin rubutun.