DABBAR PANDA: CI DA YAWA, AMFANI KAƊAN

A duwatsun lardunan Sichuan da Shaanxi da Gansu na ƙasar Sin akwai wata dabba mai launin fari da baƙi da ake kira panda, wadda al'amarin cimarta ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ita dai 'yar dangin beyar ce, watau zuriyar maciya nama, amma kusan kashi 99 cikin ɗari na abincinta gora ce.

Matsalar ita ce cikinta bai dace da wannan abinci ba. Saniya tana da ciki mai ɗakuna huɗu, tana tuƙa, kuma ƙananan halittun da ke tumbinta suna narkar mata da zarurrukan ciyawa. Panda kuwa ciki ɗaya gare ta da gajeren hanji irin na maciya nama. Abinci yakan ratsa cikinta ya fita kafin awa 12. Binciken da aka wallafa a 1982 a kan panda biyu na gidan ajiye namun daji na birnin Washington a Amurka ya nuna cewa abin da jikinta ke narkarwa bai kai kashi 20 cikin ɗari na gorar da ta ci ba.

To, ta yaya take rayuwa? Da farko, tana cike giɓin da yawan ci. Takan shafe awa 10 zuwa 16 kullum tana ci, ta cinye kilo 12 zuwa 38, ta kuma yi kashi har sau 40 a rana. Bugu da ƙari, tana da zaɓe: takan bi sabon tofo da ɗanyen ganye gwargwadon lokacin shekara. Nazarin da aka yi a 2019 ya gano cewa kimanin rabin ƙarfin da take samu daga sinadarin furotin yake fitowa, kamar yadda yake ga maciya nama.

Na biyu, tana tsimin ƙarfinta ƙwarai. A 2015 masanan Sin da na Birtaniya suka auna, suka tarar ƙarfin da take ƙonawa a rana kimanin kashi 38 ne cikin ɗari na abin da ake zato ga dabba mai nauyinta. Hantarta da ƙodarta da ƙwaƙwalwarta ƙanana ne, tafiyarta sannu-sannu ce, kuma sinadarin da ke hanzarta aikin jiki, wanda ke fitowa daga halittar nan ta maƙogwaro da kumburinta ke haddasa maƙoƙo, kaɗan ne a jininta.

Sai dai wannan zama na lallaɓawa yana da haɗari. Gora takan yi fure a lokaci guda bayan shekaru masu yawa, sa'an nan ta bushe. Da haka ta faru a duwatsun Min a tsakiyar shekarun 1970, an tsinci gawar panda fiye da 130. A da takan ƙaura zuwa inda wata irin gorar take, amma gonaki da hanyoyi sun daddatsa dazuzzukan.

Ƙidayar da aka kammala a 2014 ta sami panda 1,864 a daji, kuma a 2021 gwamnatin Sin ta kafa mata babban gandun daji na ƙasa domin sada waɗannan dazuzzuka. Dabbar da ba ta iya ajiye guzuri a jikinta, ba abin da zai tsirar da ita sai a bar mata hanyar zuwa wurin abinci.