Abin da ke sa robar da aka sake narkarwa saurin tsagewa, da sinadarin da ke maganin hakan

Duk wanda ya taɓa sayen bokitin da aka yi da tsohuwar roba ya san ba ya daɗewa yake tsagewa. Sau da yawa matsalar tana cikin haɗin robar ne, ba a hannun maƙerin ba.

Ledar ruwa da jarka galibi foliyetilin ne, mai lamba 2 ko 4, yayin da buhun shinkafa da kujerar roba foliforofilin ne, mai lamba 5. A ido kamar 'yan uwa suke, amma idan aka narkar da su tare ba sa gaurayuwa, tamkar ruwa da man gyaɗa. Wanda ya fi ƙaranci sai ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo a cikin ɗayan, kuma iyakar da ke tsakaninsu ba ta da riƙo. Daga nan tsagewa ke farawa.

A nan ne ake buƙatar sinadarin sasantawa, wanda masana ke kira kwamfatibilaiza. Shi ma sarƙar roba ce, sai dai wani ɓangarensa ya yi kama da roba ta farko, wani kuma da ta biyu. Don haka yakan zauna a kan iyakar, kowane ɓangare ya sarƙe da danginsa. Hakan na sa ɗigon ya ƙanƙance ya bazu daidai, kuma idan nauyi ya hau kayan, ƙarfin na ratsawa daga wannan roba zuwa waccan maimakon su rabu. Muhimmin abu ga masana'anta kuwa shi ne, sinadarin na hana ɗigon sake haɗewa idan aka mayar da robar wuta.

A shekarar 2017, tawagar Geoffrey Coates na Jami'ar Cornell da Frank Bates na Jami'ar Minnesota a Amurka ta wallafa bincike a mujallar Science, inda ta nuna cewa sarƙa mai ɓangarori huɗu, kashi 1 cikin 100 kacal, ta mayar da gautsin haɗin robobin nan biyu mai jure ja.

Sai dai cika shi ba ya ƙara amfani. Da zarar iyakar ta cika, ragowar kan taru gefe guda, kuɗi ya tafi a banza. Kuma ba ya wanke datti: robar da aka tsinto daga bola da ƙasa da maiƙo a jikinta sai an wanke ta tukuna.