Yaron da Bai San Ya Ɓata Ba

Duk mai sauraron gidajen rediyon Kano ko Kaduna ya san muryar cigiya. Ana neman yaro ɗan shekara biyar, wankan tarwaɗa, ya fita tun hantsi da shuɗiyar riga, wanda ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wani lokaci sai mai sanarwa ya ƙara da cewa yaron ba ya magana sosai. Wannan ƙarin shi ne abin tashin hankali, domin yaron da ba zai iya faɗin sunan mahaifinsa ko na unguwarsu ba, ko an tsince shi da sauran aiki. Cikin irin waɗannan yara akwai masu lalurar Down, wadda mutane da yawa ke sakawa cikin abin da suke kira galahanga.

Lalurar ta samo sunanta daga wani likitan Ingila, John Langdon Down, wanda ya bayyana kamanninta a 1866. Sai a 1959 masu bincike a Faransa suka gano tushenta: a kowace ƙwayar halittar jikin mutum akwai kuromosom 46 masu ɗauke da gado, a jere biyu-biyu, amma mai wannan lalura galibi yana da 47, saboda na 21 ya zo uku. Shi ya sa aka zaɓi 21 ga watan uku, wato Maris, a matsayin ranarsu ta duniya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya na raya ta tun 2012. Ana samun lalurar a kusan haihuwa ɗaya cikin dubu, a kowace ƙasa da kowane jinsi. Ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma wani abu uwa ta ci da ciki ba.

To me ke fitar da yara masu wannan lalura daga gida? Abu na farko, suna jinkirin tafiya. Saboda laushin jiki, da yawansu sai sun kai wajen shekara biyu, wasu har sun wuce, kafin ƙafa ta kafu. A wannan dogon lokaci mutanen gida sun saba da cewa inda aka ajiye yaron nan za a dawo a same shi. Ranar da ƙafa ta yi ƙarfi, yaron ya canza, amma sabon mutanen gida bai canza ba. Ga shi kuma ƙafar ta riga sanin haɗari zuwa: gudun ɗan shekara biyar, amma fahimtar mota da rami ta wanda bai kai haka ba.

Na biyu, yaron yana gane abin da ake faɗa fiye da yadda yake iya mayarwa, kuma abin da ya gani da ido yana zama masa a ka sosai. In an taɓa bin wani lungu da shi zuwa shagon da ake sayen alawa, ya riƙe hanyar. Ba zai iya cewa yana son zuwa ba, sai kawai ya kama hanya. A wajensa ba ɓata ya yi ba, unguwa ya tafi. Saboda haka ba lallai ya yi kuka ko ya nuna tsoro ba, har wani mai wucewa ya tsaya ya tambaye shi. Da yawansu ma ba su da ƙiwa, duk wanda ya miƙo hannu za su bi.

Akwai kuma matsalar kunne. Fiye da rabin masu wannan lalura suna da raunin ji, sau da yawa saboda ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne, kuma da yawa suna buƙatar tabarau. Uwa na ƙwala kira daga bakin zaure, yaro na ci gaba da tafiya, sai a ce taurin kai ne. Mai yiwuwa bai ji ba. Wanda bai ji muryar uwarsa ba kuwa, ba lallai ya ji hon ɗin ɗan acaɓa ba. Likitocin yara a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika suna iya tura yaro gwajin ji da gani, kuma a Kaduna akwai cibiyar kunne da cibiyar ido ta ƙasa. Gwajin nan ba na sau ɗaya ba ne, ana maimaita shi yayin da yaro ke girma.

Wasu daga cikin yaran suna haɗawa da lalurar otizim, kuma a nan haɗarin ya fi yawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2012 ya gano cewa kusan rabin yara masu otizim sun taɓa yunƙurin sulalewa daga wurin da ake kula da su bayan sun kai shekara huɗu.

Abin mamaki, ba a gidan da babu kowa yaro ya fi ɓata ba. A gidan da ya cika ne. Ranar suna ko biki, tsakar gida maƙil da mata, ana ta sauke tukwane, ƙofar zaure a wangale saboda masu shiga da fita. Can bayan la'asar uwa ta ɗago kai.

"Yaya, ina ce yana wajenki?"

"A'a, ai na ga ya bi Goggo ɗaki."

Goggo kuwa rabonta da shi tun ana rabon waina. Ana cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, amma a ranar taro wannan magana tana nufin kowa ya bar wa wani. Maganinsa shi ne a damƙa yaron ga mutum ɗaya babba, da baki, a kama suna: "Inna, ga shi a hannunki har a yi sallar magariba." In za ta tashi, ita ma ta damƙa wa wani da baki. Kuma kada wannan amana ta faɗa kan yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ita ma wasa ne a ranta.

Sai ƙofa. Sakatar da ke daidai ƙugun babba, yaro zai kalli yadda ake zare ta sau biyu ya iya. Kafinta ko mai walda zai iya ƙara wata a can sama, inda ko ya taka kujera ba zai kai ba. Ƙaramar ƙararrawa a jikin ƙyaure tana sanar da mai girki cewa an buɗe. Abin da bai dace ba shi ne a datse gida da kwaɗo a tafi da makulli, musamman lokacin hunturu da gobara ke yawa. Ɗaure yaro da igiya a jikin turke ko ƙafar gado, wanda har yanzu wasu ke yi da sunan kariya, zalunci ne, kuma ba ya koya masa komai sai ɗokin gudu ranar da aka kwance shi.

Mafi munin abin da ke jiran yaron da ya sulale shi ne ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu suna cikin waɗanda suka fi mutuwa ta hanyar nutsewa, kuma jami'an kashe gobara na Kano sun sha ciro yara daga rijiya da kududdufi. Nutsewar ƙaramin yaro ba ta da ihu, cikin 'yan mintuna an gama. Ba sai kogi ba: ramin da aka haƙi ƙasar gini ya cika da damina, rijiyar maƙwabta da aka rufe da tsohon kwano, randa ko baho cike da ruwan wanki, duk sun isa. Rijiya tana son murfi mai nauyi da makulli.

Wani kuskuren da ake yi da kyakkyawar niyya shi ne ɓoye yaron. Iyaye na gudun surutun mutane, sai su tsare shi a ɗaki, har maƙwabcin da ke gida na uku bai san fuskarsa ba. Ranar da ya fita, zai wuce mai shayi, ya wuce mai cajin waya, ya wuce majalisar dattawa a ƙofar masallaci, ba wanda zai ce uffan. Da mahaifinsa ya taɓa riƙo hannunsa ya zagaya da shi, ya ce, "Malam, wannan ɗana ne, in ka gan shi shi kaɗai ka riƙe min shi," da ya sami masu gadi goma ba da ko sisi ba. Mai unguwa da liman da malamin Islamiyya su ma su sani.

A ɗinka lambar wayar iyaye a cikin wuyan rigunansa, ko a sa masa abin hannu mai ɗauke da ita. Sunansa kada ya fito ɓaro-ɓaro a waje, don kada mugu ya kira shi kamar ya san shi. Mutanen Kano ba su manta da yara tara da 'yan sanda suka sanar da ceto su a Oktoban 2019 ba, bayan an sace su an kai Anacha. A Amurka, wani shiri mai suna Project Lifesaver da aka fara a jihar Bajiniya a 1999 yana sa wa masu yawan ɓata abin hannu da jami'ai ke bin siginarsa. A nan ma ana sayar da agogon da ke nuna wa waya inda yaro yake, amma sai da caji da sabis, kuma yaro na iya cire shi. Mai hali ya saya, kada dai ya sa a saki jiki.

Shi kansa yaron yana koyo, in aka bi ta inda ya fi ƙarfi. A mayar da "tsaya" wasa a tsakar gida, ana faɗa ana ɗaga tafin hannu, in ya tsaya a tafa masa, kullum, har ya zama jiki. In ya zura da gudu kada a bi shi ana dariya, domin zai ɗauka wasan tsere ne, gobe ma ya sake. A riƙa fita da shi yawo a lokaci sananne, saboda wanda ya san ana kai shi shago bayan la'asar bai cika satar hanya da hantsi ba.

In kuwa ta faru, ba a jira a ga ko zai dawo. Mutum ɗaya ya duba cikin gida, sauran su nufi ruwa mafi kusa tukuna, sannan titi, sannan wuraren da yake so. A sanar a lasifikar masallaci, a kai rahoto ga 'yan sanda da Hisba inda take, a kira 112, a ba da hotonsa na kwanan nan. Masu nema su leƙa kango da ƙarƙashin mota, domin yana iya zaune kusa yana jin kira bai amsa ba. Wanda kuma ya ga irin wannan yaro yana tafe shi kaɗai, ko da fara'a a fuskarsa, ya tsaya, ya durƙusa daidai tsayinsa, ya duba wuyan rigarsa, kada ya bar wurin sai ya damƙa shi a hannun iyayensa ko hukuma.