Yadda Ake Gane Shekarun Tsohon Fim Daga Jikin Jirgin Ƙasa

A ɗakunan adana kayan tarihi akwai ɗimbin finafinan tafiye-tafiye waɗanda takardunsu suka ɓace, ba a san shekarar da aka ɗauke su ba. Idan aka liƙa wa irin wannan fim shekarar da ba tasa ba, kuskuren zai bi littattafai ya shiga aji. To, sau da yawa jirgin ƙasan da ya gifta a cikin fim ɗin yakan warware matsalar, domin kan jirgi yana ɗauke da tarihinsa a jikinsa.

Kyakkyawan misali shi ne fim ɗin Elizabethan Express na shekarar 1954, wanda ya bi wani jirgin fasinja daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinbara, tafiyar mil 393 ba tsayawa. A ce takardunsa sun salwanta, ta yaya mai bincike zai gano lokacinsa?

Da farko zai ƙirga ƙafafun kan jirgin: ƙanana huɗu a gaba, manya shida a tsakiya, ƙanana biyu a baya. Wannan tsari ake rubutawa 4-6-2. Idan ya haɗa shi da goshin nan mai santsi da aka ƙera don keta iska, zai gane samfurin A4 ne, wanda injiniya Nigel Gresley ya zana, aka fara ƙerawa a 1935. Fitilu biyu da ke ƙasan goshin, ɗaya dama ɗaya hagu, alama ce ta jirgin fasinja mai sauri a tsarin Birtaniya.

Daga nan sai lamba. Kan jirgin, mai suna Silver Fox, yana ɗauke da lamba 60017. Da aka ƙera shi lambarsa 2512 ce, aka mayar da ita 17 a 1946. Bayan gwamnati ta karɓe manyan kamfanonin jiragen ƙasa huɗu a ranar 1 ga Janairu 1948, sai aka ƙara 60000 a kan lambobin kamfaninsa. Ke nan fim ɗin bai riga 1948 ba. Allon da ke goshinsa ya ƙara matse lissafin, domin sai a 1953, shekarar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka raɗa wa jirgin wannan suna.

Saura iyaka ta ƙarshe. A tsakanin 1957 da 1958 aka sanya wa sauran kawunan A4 tagwayen bututun hayaƙi, saboda haka duk inda Silver Fox ya fito da bututu guda, hoton ya riga wannan gyara. Haka kuma tambarin da ke jikin taragon kwal da ruwa, wato zaki tsaye a kan ƙafar jirgi, an sauya shi a 1956 da zakin da ya fito daga kambi.

Sai dai a nan akwai buƙatar hattara. Sabon tambari hujja ce cewa 1956 ta riga ta kama, amma tsoho ba ya tabbatar da akasin haka, domin ba a rana ɗaya aka sake wa dubban kawunan jirage fenti ba. Wasu sun yi shekaru suna yawo da tsohon. Bugu da ƙari, masu shirya fim sukan harhaɗa hotunan ranaku dabam-dabam, don haka wajibi ne a duba lambar a kowace fitowa.

Da waɗannan alamomi kaɗai, mai bincike zai ajiye fim ɗin tsakanin 1953 da 1958, kuma shekararsa ta gaskiya tana ciki. Malamai na iya gwada wannan hanya a aji: a tsayar da hoton, ɗalibai su jera alamomin da suka gani, sa'annan su faɗi abin da kowace ta tabbatar da abin da ba ta isa ta tabbatar ba.