Bugun agogon kwamfuta

Bugun agogon kwamfuta wata sigina ce da na'urar ƙidayar lokaci ke aika wa ƙwaƙwalwar kwamfuta a kai a kai. Da wannan bugu ne babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Linux ko Windows, take lissafa lokaci, take kuma raba zarafin aiki tsakanin sauran manhajoji.

Amfani da illa

Duk sanda bugun ya zo, dole ƙwaƙwalwar ta ajiye aikin da take yi ta amsa shi. Idan bugun ya yawaita, lissafin lokaci yakan fi daidai, sauti da bidiyo ba su cika sarƙewa ba, sai dai aiki yakan ragu, batir kuma ya yi saurin ƙarewa. Idan aka rage shi, akan samu sauƙin wuta amma daidaito ya ragu.

Tarihi

Kwamfutar IBM PC ta shekarar 1981 tana bugawa kusan sau 18 a daƙiƙa ɗaya. Windows ta saba da sau 64, ko da yake manhaja na iya neman sau 1000. Linux ta fara da 100, ta koma 1000 a 2003, sannan a 2005 aka ba da zaɓi, har da 250. A 2007 Linux ta fito da tsarin tsayar da bugun idan babu aiki, domin ƙwaƙwalwar ta huta. Wayoyin Android, waɗanda aka gina a kan Linux, suna cin moriyar wannan tsari wajen tattalin caji.